Rarar Kawu

12 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Ya gwiwar? Umma ta ce in tambaye ka ko ka daina ɗaukar katako da kanka, ta kuma ce in ka ce ka daina kada in yarda. Ita jikinta da sauƙi, hawan jinin ya sauka tun da muka raba ta da gishiri, sai dai har yau ba ta yafe mana ba. Maigidan da yara suna gaishe ku.

Na kira wayarka sau uku. Kai kana ta cewa "wa ke magana?", ni ina ta ihu a tsakiyar ofis har masinja ya leƙo ya ga ko lafiya. Injin yanka katako ya gama da kunnen nan, don haka na koma takarda. Zan riƙa ba direban motarku in ya kawo kujeru nan babban birni. Abokan aikina sun tambaye ni wane kawu ne wannan, na ce mahaifinka da kakana uwa ɗaya uba ɗaya. Suka ce ai da nisa. Na ce su ne dai suke ganin nisan.

Albishir nake tafe da shi. Ka san shekara shida ke nan ina ofishin kasafin kuɗi na jiha. Bana a karon farko an rufe lissafin bara da rara, ba giɓi ba. Sai dai kuɗin da ke shigo mana baɗi zai ragu sosai, shi ya sa aka ce rarar a kulle ta a asusun ajiya, kada a taɓa. Aka rabu biyu a kan yadda za a cike ramin baɗi. Wasu suka ce a ƙara haraji a kan shaguna da rumfunan kasuwa da masu motocin haya. Mu a ofishinmu muka ce a'a, gwamnati ta fara tsuke nata bakin aljihun. Sati uku ana kai ruwa rana, daga ƙarshe aka ɗauki namu.

Kawu, ni aka ba aikin tsara inda za a yanke. Ni! Mun soke sayen sabbin motocin manya guda arba'in. Mun soke tafiye-tafiyen taro a otal, a yi shi a ɗakin taro na ofis. Mun soke kalandar da ake bugawa duk shekara da hotunan manya, mun rage kuɗin mai da kashi ɗaya cikin uku. Har shayi da biskit na zaman kwamiti na yanke, wani babba ya daina amsa gaisuwata saboda biskit. Ban damu ba. Ko kwabo ba za a ƙara wa kowa a haraji ba, ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta a kan shagonta na zare da maɓalli.

Aiki bai ƙare ba, yanzu muna bin sassan gwamnati ɗaya bayan ɗaya, sun fi ɗari huɗu. Waɗanda suke dawo da rara duk shekara na ware su a takarda ta daban, kwamiti zai zauna a kansu musamman. Ka sa ni a addu'a, idona har ya fara ganin lambobi a bango.

Taka,
wadda kake kira Uwata

3 ga Satumba

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu ni kaɗai, sannan na karanta wa Innarki da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Lafiyarmu ƙalau. Gwiwa tana nan tana tsiyarta in an yi sanyin safe, da rana kuma sai ta tuna ni ne maigidanta. Ki gaya wa Yaya na daina ɗaukar katako, sai wanda ya fi ƙarfin sauran. Tun da aka sa miki sunan mahaifiyata na san za ki yi taurin kai, ita ma ba a juya ta.

Wallahi kin fitar da mu kunya. Innarki ta gaya wa duk layin shagunansu cewa 'yarmu ce ta hana ƙarin haraji. Mai sayar da takalma na gefenta ya ce a ba shi lambar ƙafarki. Ni kuwa a wurin aiki sai da na tara mutanena shida na karanta musu wurin biskit, Bahago ya yi dariya har ya zauna a kan gwangwanin gam.

Yanzu ga nawa albishir. Kin ce kin ware masu dawo da rara a takarda daban. To, ki duba da kyau, kawunki yana ciki, in ma ba shi ne a sama ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shugabancin wurin gyaran kayan gwamnati na nan yankin, kuma babu shekarar da ban mayar da kuɗi baitulmali ba. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sayen kayan aiki nake mayarwa, wata shekarar har ya ɗara. Rasit ɗin suna nan a gwangwanin madara, goma sha ɗaya cif. A takardunku sunanmu Sashe na 214.

Kada ki ɗauka aikin muke ragewa. Bara mun gyara bencin makaranta dubu biyu da ɗari uku, da gadon asibiti tamanin, da ƙofofi ban san adadi ba. Kuɗin sabon benci ɗaya a hannun ɗan kwangila yana gyara mana biyar. Sirrin kuwa ba wani abu ba ne. Duk watan Disamba ofisoshi suna rige-rigen cinye abin da ya rage musu, su sayi sabbin tebura da kabad da kujeru. Janairu na yi sai su jibge tsofaffin a bayan gini, lafiyayyen katako wanda ko tsagewa bai yi ba. Ni kuma in tura mota in kwashe. Tebur ɗaya na darakta yana ba ni saman benci uku. Ƙusa ma ba ma zubarwa, Mai Fenti in ba shi da fenti a hannu zama yake ya miƙe ta da guduma, muna da durom biyu cike.

Shekara goma sha ɗaya ma'aji yana karɓar kuɗin nan yana kallona kamar mai taɓin hankali. Ko "sannu" ba a taɓa ce mini ba. Yau ga shi 'yata ce za ta kai sunana gaban kwamiti. Na gaya wa mutanena su shirya, wannan yabon namu ne duka. Innarki ta fito da rigata ta fita kunya ta ba mai guga. Ba kuɗi nake so ba, takarda ɗaya mai hatimi ta ishe ni, in kafa ta a bango sama da injin. Ki sanar da ni ranar da wuri, saboda gwiwa ba ta son tafiyar gaggawa.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

9 ga Nuwamba

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi zazzaɓi ya warke. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba.

Takardarka ta 3 ga Satumba jiya ta zo hannuna. Wata biyu tana cikin aljihun motarku, saboda kuɗin man da na rage ya sa motar ba ta zuwa nan sai an tara kaya. Wannan tawa ta tashar mota zan aiko ta, kai ma ka riƙa yin haka.

Kawu, ban san ta inda zan fara ba. Takardar da na ware ba ta yabo ba ce. Laifina ne da ban fayyace maka ba. Ƙa'ida biyu na rubuta da hannuna, kwamiti ya amince da su tun Oktoba. Ta farko, duk sashen da ya dawo da rara shekara uku a jere, har da wannan da muke ciki, alama ce kuɗin ya yi masa yawa, za a zaftare masa daidai abin da yake dawowa da shi. Ta biyu, duk sashen da albashi ya cinye fiye da kashi saba'in cikin ɗari na kuɗinsa, za a rufe shi a ba 'yan kwangila aikin, don mun ɗauka irin waɗannan wuraren zama kawai ake yi ana jiran ƙarshen wata.

Da na karanta takardarka sai na buɗe Sashe na 214. Yanzu albashinku kashi sittin da huɗu ne. In an cire abin da kake mayarwa, kuɗin kayan aiki ya ragu, albashin zai koma kashi saba'in da uku. Ƙa'ida ta farko ce za ta tura ku cikin ta biyu. Kai za a mayar da kai wani ofis ka ƙarasa shekara biyun da suka rage maka. Mutanenka shida kuwa ba ma'aikatan dindindin ba ne, sallamarsu za a yi. Wallahi ban san kai ne 214 ba. A wurinmu lamba ce kawai a cikin lambobi, na ɗauka kana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi.

Amma akwai mafita, kuma tana hannunka. Ƙa'idar ta ce shekara uku a jere. In bana ba ka mayar da komai ba, jerin ya katse, ba za ka shiga takardar ba. Kana da sati bakwai. Ka kashe kuɗin duka kafin ƙarshen Disamba. Ka sayi katako, ka sayi fenti, ka sayi sabon inji, ka sa labule a ofishinka in ta kama. Ka karɓi rasit na gaskiya, babu wanda zai ce ka yi laifi, kowa haka yake yi. Don Allah, Kawu, bana kaɗai.

Ka sa Inna ta mayar da rigar akwati. Kunya ta hana ni cin abinci tun jiya.

'Yarka

17 ga Nuwamba

Uwata,

Gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan. A gaishe da Yaya da maigidanki da yara.

Na ga takardarki. Rigar ta koma akwati, wannan ba komai ba ne, ba yau na fara jin kunya a gaban mai guga ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ƙarshen takardar. A watan Agusta kin rubuto mini kina alfahari kin hana manya biskit. A watan Nuwamba kin rubuto kina koya wa kawunki yadda ake cinye kuɗin jama'a a sati bakwai. Wace ce a cikin biyun 'yata? Ko zaman babban birni ne ya koya miki cewa tsimi na wasu ne, naki kuma a nuna musu ƙofar baya?

In sayi katako in kai ina? Sito cike yake har rufi. In na ƙara, a waje zai kwana, ruwa ya dake shi, rana ta murɗe shi, gara ta gama da sauran. Fenti in ya shekara a gwangwani dutse yake zama. Injina tsoho ne amma yana yanka madaidaici, ni na san kukansa ko da kunnen nan nawa. Labule kuma, Uwata, ofishina tebur ne a lungu tsakanin durom ɗin ƙusa da tagar da ba ta da gilashi. In na rataya labule a nan Bahago zai ɗauka na yi sabon aure.

Kuɗin nan da kike cewa in kashe, na san daga inda yake fitowa. Duk wata ina ganin Innarki tana ƙirga kuɗin maɓalli da zare tana ware na mai karɓar haraji, wani lokacin ranar ko cinikin kirki ba ta yi ba. Shi zan ɗauka in sayi abin da gara za ta ci? Shekara goma sha ɗaya ina bin bayan ofisoshi ina kwashe ɓarnar Disamba ina tsine mata a zuciyata. Ba zan zama ɗaya daga cikinsu ba a shekarar da 'yata ta ce a daina.

Kuma ki bar ni in gaya miki, ƙa'idarki gurguwa ce. Wanda ya cinye nasa kun bar masa, wanda ya rage kun kwashe, sannan kun rufe shi. Baɗi wa zai dawo muku da kwabo? Kun zauna a ɗaki mai sanyi kuna auna mu ba ku taɓa jin warin gam ba. Da kafinta ya auna ƙofa haka, da tuni mai gida ya kore shi.

Ban gaya wa mutanena ba tukuna. Bahago 'ya'yansa biyar, Mai Fenti yana jinyar mahaifiyarsa. Jiya ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni yaushe ne ranar yabon, na yi kamar ban ji ba. Karon farko ke nan da kurumtar nan ta yi mini amfani.

Ke kika rubuta ƙa'idar, ke za ki gyara ta. Ni dai ranar talatin ga Disamba ina gaban ma'aji kamar kullum.

Kawunki

14 ga Disamba

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna. Umma lafiya, ta ji labari, ta ce mu biyun duk jinin taurin kai ne, ba ta shiga. Yara suna hutu sun cika gida da hayaniya. Ina fatan sanyi bai tayar da gwiwa ba.

Na yi kusan wata ban amsa ba, na san ka ɗauka fushi ne ko girman kai. Fushin akwai, ba zan ɓoye ba, maganar ƙofar baya ta yi mini zafi. Shekara shida ina ofishin nan, ko biro ban taɓa kai wa gida ba. Amma da na huce na ga gaskiyarka. Shawarar da na ba ka ba ta dace da ni ba, ba ta dace da kai ba. Tsoro ne ya rubuta ta. Ka yafe mini.

Ba zama na yi ba. Na je wurin Darakta na gaya masa komai, har da cewa kai kawuna ne. Na nemi a tsame 214. Ya ce, "Sassa talatin da takwas ne a takardar nan, kowanne yana da kawu. Satin da ya wuce ke kika mayar da ƙanin kwamishina da ya zo roƙo. In na buɗe miki yau, gobe me za ki ce masa?" Gaskiya ya faɗa. In aka fara tsame na gida, tsarin duka zai rushe, masu son ƙarin haraji kuma suna gefe suna jira.

Sai na koma ta wata hanya. Na ɗauki lissafin da ka rubuto mini, benci biyar a kuɗin ɗaya, da labarin teburan Janairu, na rubuta takarda shafi huɗu na tsaya gaban kwamiti. Na ce musu ƙa'idata tana da kuskure, ni na yi shi. Ka san abin da ake nufi da mace ta tsaya gaban mutum goma sha biyu ta ce ta yi kuskure, mai biskit yana cikinsu yana murmushi. Na faɗa. Sun yarda. Daga yanzu duk sashen da ya dawo da rara za a bar masa rabi ya yi aiki da shi, kuma an hana sayen kayan ofis a watan Disamba sai da izini.

Sai dai sabuwar ƙa'idar daga kasafin shekara mai zuwa ta sama za ta fara aiki. Na baɗi an riga an buga shi a kan tsohuwar, za a rufe jerin ranar ashirin ga Janairu. Na yi iya yina a sa ta fara yanzu, ƙuri'a bakwai da biyar aka kayar da ni. Ma'ana gyaran da ka jawo zai amfani kowa ban da kai. In ka je gaban ma'aji ranar talatin, 214 yana kan saba'in da uku.

Ba zan sake ce maka kada ka je ba. Ina dai so ka san ban sayar da kai ba.

'Yarka

6 ga Janairu

Uwata,

Assalamu alaikum. Barkanmu da ganin sabuwar shekara. Lafiya lau muke, Innarki ta yi mura ta warware. Gwiwa ta ji labarin da zan ba ki, tun shekaranjiya take murna. Ki gaishe da Yaya, ki ce mata taurin kan daga ɓangarensu ya fi yawa.

Na yafe miki, ke ma ki yafe mini, bakina ya yi kaifi. Takardarki ta ƙarshe ta fi mini takarda mai hatimi. Na karanta wurin da kika tsaya gaban mutum goma sha biyu, na cire tabarau na goge, Innarki ta ce kuka nake, na ce garin katako ne. Mutum ya kashe ƙarin haraji abin alfahari ne. Amma ya tashi a gaban maƙiyinsa ya ce awona bai yi daidai ba, wannan a cikin kafintoci ma ba kowa ke iyawa ba.

Ranar talatin na je gaban ma'aji na mayar. Na goma sha biyu ke nan. Ya ce, "Malam, ba ka ji abin da ake yi wa masu mayarwa ba?" Na ce masa kunnena ba ya ji.

Daga nan na dawo na zauna a teburina na yi irin aikinku. Na ɗauki fensir na jera duk abin da wurin nan yake ci, na tambayi kowane layi: in babu kai, benci zai gyaru? Katako, dole. Gam da fenti, dole. Man mota, dole. Bahago, shi ke riƙe da inji, yanzu ya fi ni hannu, ko da yake kada ki gaya masa. Mai Fenti da sauran huɗun, kowa da abin da in ya tafi za a ji. Sai na iso layin farko, wanda ya fi kowanne tsada, wani tsoho mai gurguwar gwiwa da ba ya jin magana, aikinsa ya zaga yana cewa a miƙe ƙusa. Su kuwa sun riga sun iya miƙe ƙusa.

Ki yi lissafin da kanki, ke ce gwana. In an cire albashina, ni na sami kashi sittin da takwas. Ƙasa da saba'in ke nan, ko ba haka ba? Na sa malamin lissafi na makarantar da ke bayanmu ya sake bugawa, shi ma haka ya samu.

Na rubuta takardar ajiye aiki ranar biyu ga wata, na kuma nemi a soke muƙamin gaba ɗaya, Bahago ya riƙe wurin a kan albashinsa. Shugaban ma'aikata na yanki ya sa hannu, kwafin yana cikin ambulan ɗin nan. Na san fansho zai ɗan ragu saboda shekara biyun. Mun zauna da Innarki mun duba, za mu iya. Ta ce dama tana neman wanda zai gyara mata kantar shago kyauta.

Mutanena sun ji komai yanzu. Bahago ya ce ba zai karɓa ba, na ce ba shawara na kawo masa ba. Gobe za su fita da mota kwasar teburan Janairu, na ce su kwasa da yawa, tunda 'yata ta hana ɓarna, baɗi ba lallai su samu ba.

Kada ki yi mini kuka, kuma kada ki je roƙon kowa. Ba korata aka yi ba. An ce gwamnati ta rage kashe kuɗi, ni kuma na duba nawa ɓangaren na rage da hannuna, babu ɗan kwamitin da ya nuna mini inda zan yanka. Abu ɗaya nake so. Layin da ke ɗauke da muƙamina a takardunku, ke za ki soke shi, kada ki tura wa wani. Kuma ki yi kafin ashirin ga wata.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare hannunki.
Kawunki

19 ga Janairu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Duk muna lafiya. Umma ta karanta takardarka, ta ce in gaya maka ka kyauta, kuma ba ta yafe maka ba.

Na buga lissafin sau uku ina neman inda ka yi kuskure, don in sami dalilin mayar maka da takardarka. Sittin da takwas ne. Na kai wa Darakta tare da takardarka na ce tunda kawuna ne, shi ya kamata ya duba. Ya duba, ya sa hannu, ya daɗe yana kallon kwafin. Ya tambaye ni shekarunka nawa a aiki, na ce talatin da uku. Sai ya turo mini fayil ɗin ya ce, "Kawunki ya ce ke za ki soke."

Na soke, Kawu. Jiya da safe, ƙarfe goma da kwata. Ka ce kada in yi kuka, ban yi ba sai da na rufe fayil na shiga banɗaki, wannan kuma ba ya cikin abin da ka hana.

An cire 214 daga jerin rufewa. Yana shafi na casa'in da ɗaya a kasafin bana, ma'aikata shida, da kuɗin katako da gam da fenti da man mota. Na sa kwafin shafin a cikin takardar nan, ka ba Bahago ya nuna wa sauran su kwantar da hankalinsu.

A ofis an ƙirga abin da muka rage a duk jiha, an rubuta shi a allo, ana ta yi mini barka. Na karɓa. Amma a cikin layuka dubu da na soke bana, ɗaya ne kaɗai mai shi ya aiko da kansa, kuma duk wanda ya tsaya a teburina sai na gaya masa kawuna ne.

Ƙarshen wata zan taho da yara. Ka gaya wa Inna kada ta wahalar da kanta, kwana biyu za mu yi.

Taka har kullum,
Uwarka